Yadda Ake Gano Asalin Dutsen Amfibolait Daga Fili Zuwa Ɗakin Gwaji

A yankunan Maru, Anka, Zuru da Birnin Gwari, da kuma can kudu wajen Ilesha, akwai wani dutse mai duhu wanda launinsa ke tsakanin baƙi da kore, mai nauyi a hannu, wanda idan aka fasa shi aka juya shi a rana za a ga ƙananan allurai baƙaƙe suna ƙyalli a jere, da ɗigon fari a tsakaninsu. Masana duwatsu suna kiransa amfibolait. Baƙaƙen alluran ma'adinin honbilen ne, fararen kuma filajiyokiles. A mafi yawan lokuta wannan dutse ya fara rayuwarsa ne a matsayin narkakken dutse mai ƙarancin silika, wato kashi 45 zuwa 52 cikin 100, mai yawan ƙarfe da magniziyom da kalsiyom, irin wanda idan ya malalo saman ƙasa ya sandare ake kiransa basalt, idan kuma ya huce a hankali a can ƙasa ake kiransa gabro. Daga baya motsin ƙasa ya binne shi, zafin da ya kai digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyas da matsi mai tsanani suka gasa shi, ma'adinansa na asali suka rikiɗe.

Tambayar da ɗalibin ilimin duwatsu kan tashi da ita ita ce: a wane irin wuri wannan dutse ya fito tun farko? A tudun tsakiyar teku ne, inda faranti biyu na ɓawon duniya ke rabuwa? A jerin tsibirai masu aman wuta ne, inda wani faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani? Ko kuwa a cikin nahiya ne da ta fara tsagewa? Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi takardar sakamako daga ɗakin gwaji, a zuba alkaluman a kan zane ɗaya ko biyu, a karanta sunan akwatin da ɗigon ya faɗa, a rubuta shi a matsayin amsa. Zanen yana da amfani, amma shi ne mataki na kusan ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an tabbatar da abin da ya tsira a jikin dutsen bayan gashin da ya sha, domin wasu sinadaran sun fita, wasu sun shigo daga waje, kaɗan ne suka zauna yadda suke tun ranar da dutsen ya sandare.

Aikin fili

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, bayan an girbe gonaki ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga rafuka. A ƙasashenmu marmara da jar ƙasa sun lulluɓe yawancin duwatsu, don haka gindin rafi, gefen titi inda aka yanka tudu, da ramukan masu fasa dutse su ne wuraren da ake samun lafiyayyen dutse. Kafin a shiga kowane daji a gaida mai gari a faɗa masa abin da ake nema, a kuma nemi ɗan jagora daga cikin mutanen wurin. A yankunan da ake haƙar zinariya, kamar Anka, baƙo mai guduma da jaka yana jawo zargi, kuma halin tsaro na shekarun nan ya sa wasu wuraren ba su shiguwa ko kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ingancin binciken kansa, domin samfuran da aka tsinta a bakin titi kaɗai ba su wakiltar dukan yankin, kuma ya kamata mai rubutu ya bayyana haka.

Idan an isa kan dutsen, kada a yi gaggawar fasa shi. A zauna a duba siffarsa da maƙwabtansa, a zana su a littafi. Abu uku ake nema. Na farko, ko dutsen ya yanka shimfiɗun da ke kewaye da shi kamar katanga, wanda hakan ke nuna narkakken dutse ne da ya kutsa cikin tsaga, ko kuwa yana kwance a jere da su. Na biyu, ko akwai ragowar siffar asali: dunƙule-dunƙule masu kama da matashin kai da aka jibge, waɗanda ke samuwa idan narkakken dutse ya malalo ƙarƙashin ruwa, ko ƙananan ramukan iska da wasu ma'adinai suka cike, ko manyan ƙwayoyi irin na gabro a tsakiyar dutsen inda matsi bai murje shi sosai ba. Na uku, su wa ke zaune da shi. Amfibolait da ke tare da dutsen laka mai laushin ƙwaya da shimfiɗun ƙarfe masu ratsi, irin waɗanda ake samu a yankin Maru, yana ba da labarin ruwa mai natsuwa. Wanda ke tare da dutsen yashi da tsakuwa manya yana nuna tudu na kusa. Wanda ke tare da safentinait, wato ragowar dutsen mantil (sashen duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta) da ya sha ruwa, yana sa a fara tunanin ɓawon teku. Abin da ido ya gani a nan shi ne zai zama alƙali idan alkaluman ɗakin gwaji suka saɓa wa juna.

Ɗaukar samfuri

A fasa ɓawon waje mai ruwan tsatsa a zubar, a ɗauki cikin da ke ƙara kamar ƙarfe idan guduma ta sauka a kansa. A guji duk inda jijiyar farin dutsen ƙanƙara ko ta kalsait ta ratsa, da inda dutsen ya zama kore shar saboda efidot, da gefen da ya haɗu da giranait, da wurin da ya murje ya zama kamar ganyen littafi. Waɗannan su ne hanyoyin da ruwan zafi ya bi, kuma ruwan zafi shi ne ɓarawon sinadarai. Ramin zinariya wuri ne mai jan hankali domin an riga an tono dutsen, amma shi ne mafi munin wurin ɗaukar samfuri don wannan aiki, saboda ruwan da ya kawo zinariyar shi ne ya canja dutsen da ke kewaye da ita.

Dutse mai laushin ƙwaya kilo 1 zuwa 2 ya wadatar. Mai manyan ƙwayoyi ko mai ma'adinin ganet yana buƙatar fiye da haka. Idan ana son a tace zakon, wani ma'adini mai ɗauke da sinadarin zirkoniyom, don auna shekaru, sai an ɗauki kilo da yawa, domin irin wannan dutse ba shi da zakon sosai. Samfuri 4 ko 5 ba sa nuna komai. A yi ƙoƙarin samun 15 zuwa 20 daga dutse iri ɗaya, masu bambancin launi da girman ƙwaya, domin gwajin da za a yi nan gaba ya dogara ne da ganin yadda sinadarai ke hawa da sauka tare. A rubuta lamba a jikin dutsen da jikin jakar, a ɗauki adireshin wurin da GPS.

Yanka da niƙa

Kowane samfuri a raba shi uku: kashi ɗaya na yankan gilashi, ɗaya na niƙa, ɗaya a ajiye. Yankan gilashi shi ne a goge ɓallin dutse har kaurinsa ya koma maikiron 30 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), haske ya riƙa ratsa shi, a duba a maikiroskof. Kada a aika ko samfuri ɗaya ɗakin gwaji kafin a duba yankansa. Nan ne za a ga ko honbilen ta fara komawa kilorait, ko filajiyokiles ya ruɓe ya yi hazo, ko kalsait da bayotait sun cika tsakanin ƙwayoyi, ko kuma akwai ragowar firoksin na asali a tsakiyar honbilen, wanda shi ne shaida mafi ƙarfi cewa daga narkakken dutse aka fito. Samfurin da ya lalace a nan a cire shi tun kafin a kashe masa kuɗi.

Wajen niƙa akwai tarkon da ya ɓata ayyuka da yawa. Turmin tangistin kabayid yana da ƙarfi da sauri, amma yana zuba tangistin da kobalt a cikin garin, kuma yana iya ƙara tantalom da niyobiyom, waɗanda su ne sinadaran da dukan hukuncin zai rataya a kansu. Turmin ƙarfe yana ƙara ƙarfe da kuromiyom. Turmin agat ya fi aminci, duk da jinkirinsa. Tsakanin samfuri da samfuri a niƙa tsaftataccen yashin ƙanƙara a zubar.

Manyan sinadarai, irin su silika, alumina, ƙarfe, magniziyom, kalsiyom, sodiyom, fotasiyom da titaniyom, ana auna su da na'urar XRF. Ƙananan, waɗanda ake ƙirgawa da kashi cikin miliyan, ana auna su da na'urar ICP-MS. A tambayi ɗakin gwajin yadda suke narkar da garin, domin zakon ba ya narkewa sosai a ruwan asid na yau da kullum, kuma idan bai narke ba zirkoniyom da hafniyom za su fito ƙasa da gaskiya. Narkarwa da litiyom boret a wuta tana maganin wannan. A saka cikin jerin, ba tare da an sanar ba, samfuri ɗaya da aka raba biyu da lamba daban, a kuma nemi su auna dutsen ma'auni da duniya ta san alkalumansa, kamar BHVO-2 ko BCR-2 na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Idan sakamako ya dawo, a tara manyan sinadaran: jimlar ta tsaya tsakanin 99 da 101.

Tambayar farko: daga wuta ko daga laka?

Ba kowane amfibolait ne ya fito daga narkakken dutse ba. Cakuɗen laka da farar ƙasa mai kalsiyom da magniziyom, idan ya sha gashi iri ɗaya, yana iya ba da honbilen da filajiyokiles da ido ba zai bambanta su ba. Bernard Leake ya nuna a 1964 cewa ana raba su ta hanyar duba yanayin tafiyar jerin samfurai, domin waɗanda suka fito daga narkakken dutse suna bin layin da hucewar narkakken dutse ke bi, waɗanda suka fito daga laka kuwa suna yanka wannan layi. A aikace, yawan kuromiyom da nikel da titaniyom, tare da raguwar kuromiyom da nikel a daidai lokacin da magniziyom ke raguwa, alama ce ta asalin wuta. Siraran shimfiɗu da ke musanya da dutsen farar ƙasa da ya rikiɗe, a fili, alama ce ta asalin laka. Idan dutsen na laka ne, duk zane-zanen da ke tafe ba su shafe shi ba.

Me ya tsaya, me ya gudu?

Wannan shi ne zuciyar aikin. Dutsen da ya rikiɗe kamar allo ne da ruwan sama ya taɓa: tawadar wasu layuka ta zube, ta wasu ta gangara ta shiga layin ƙasa, amma zanen da aka karta a jikin itacen yana nan. Sinadaran da ke narkewa cikin ruwan zafi da sauƙi su ne sodiyom, fotasiyom, rubidiyom, siziyom, bariyom, sitironshiyom, dalma, wani lokaci har da kalsiyom da silika. Waɗanda suka fi zama daram su ne titaniyom, zirkoniyom, hafniyom, niyobiyom, tantalom, itiriyom, toriyom, aluminiyom, banadiyom, kuromiyom, da jerin sinadarai masu kama da juna da ake kira REE, daga lantanom zuwa lutishiyom.

Sai dai ba a ɗauka haka nan cewa sun zauna, ana gwadawa. A fara da asarar nauyi a wuta, wadda takardar sakamako ke rubutawa LOI: nauyin da garin ya rasa idan an ƙona shi a kusan digiri 1,000, wato ruwa da iskar kabon da ke cikinsa. Lafiyayyen amfibolait yakan rasa kashi 1 zuwa 2. Polat da Hofmann, a aikinsu na 2003 kan duwatsun Isua na Girinlan, masu shekara miliyan 3,700 zuwa 3,800, sun ware duk samfurin da asararsa ta wuce kashi 6, da wanda seriyom ɗinsa ya kauce wa maƙwabtansa na jerin REE, wato ma'aunin wannan kaucewa, Ce/Ce*, ya fita daga tsakanin 0.9 da 1.1. Waɗannan ma'aunai sun zama abin da mutane da yawa ke bi.

Bayan haka a ɗora zirkoniyom a layin kwance, a ɗora kowane sinadari a layin tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Dalilin shi ne, yayin da narkakken dutse ke hucewa ƙwayoyin olibin da firoksin da filajiyokiles suna fita, zirkoniyom ba ya shiga cikinsu, sai ya riƙa taruwa a ruwan da ya rage, haka ma duk sinadarin da ke da irin halinsa. Saboda haka idan niyobiyom, itiriyom, toriyom da lantanom suka jeru da zirkoniyom a layi mai hawa, sun zauna inda suke. Idan rubidiyom da fotasiyom suka watse kamar gero a tsakar gida, sun yi yawo, kuma daga nan ba su da sauran murya a cikin hukuncin. A lura musamman da toriyom da lantanom, domin a gashi mai tsanani, inda dutsen ya fara narkewa har fararen jijiyoyi suka fito a jikinsa, su ma suna iya tafiya.

Akwai kuma samfurin da bai lalace ba amma ba ya wakiltar narkakken dutse, domin tarin ƙwayoyi ne da suka kwanta a gindin tafkin wutar. Ana gane shi da magniziyom, kuromiyom da nikel masu yawa ƙwarai tare da ƙarancin zirkoniyom, ko da alumina mai yawa tare da yuropiyom da ya yi tsalle sama da maƙwabtansa, alamar tarin filajiyokiles. Zane-zanen gano asali an gina su ne a kan duwatsun da suka malalo suka sandare, don haka a ware irin wannan gefe.

Sanya wa dutsen suna

Zanen da aka saba sanya wa sabon dutsen aman wuta suna da shi yana amfani da silika da jimlar sodiyom da fotasiyom. Ga tsohon dutse wannan ba ya aiki, tunda su ne suka fi yawo. Winchester da Floyd sun fitar da madadinsa a 1977, wanda ke ɗora Zr/TiO2 (zirkoniyom bisa titaniyom) a kan Nb/Y (niyobiyom bisa itiriyom). Idan Nb/Y ya wuce kusan 0.7 dutsen na dangin alkali ne, idan bai kai ba na dangin da ba na alkali ba ne. Sannan a duba ko ƙarfe da titaniyom suna ƙaruwa yayin da magniziyom ke raguwa, halin dangin toliyait ke nan, ko kuwa ba sa ƙaruwa, halin dangin kalk-alkali da ke fitowa inda narkakken dutsen ke da ruwa da yawa. Yawancin amfibolait na tsoffin yankuna toliyait ne, kuma wannan kaɗai bai faɗi inda suka fito ba, domin ana samun toliyait a teku, a tsibirai, da kuma cikin nahiya.

Karanta ƙananan sinadarai

Yanzu a raba alkaluman REE da na dutsen da ke faɗowa daga sararin samaniya nau'in kondirait, a raba sauran da na mantil na asali, a zana sakamakon a layi. Alkaluman da aka fi amfani da su su ne na Sun da McDonough na 1989, kuma dole a faɗi waɗanda aka yi amfani da su. A cikin wannan jadawali, basalt na tudun tsakiyar teku, wanda ake taƙaitawa N-MORB, yana da niyobiyom 2.33, lantanom 2.5, zirkoniyom 74, itabiyom 3.05 da toriyom 0.12, duka kashi cikin miliyan. Basalt na tsibiran tsakiyar faranti irin su Hawai yana da niyobiyom 48, lantanom 37, zirkoniyom 280, itabiyom 2.16 da toriyom 4. Wato La/Yb (lantanom bisa itabiyom) na farkon bai kai 1 ba, na biyun kuwa kusan 17 ne. Layin REE na farkon yana sunkuyawa ta wajen lantanom, domin mantil ɗin da ya haife shi an taɓa tatse shi. Na biyun yana gangarowa daga lantanom zuwa itabiyom, domin narkewar kaɗan ce kuma a zurfi ta faru, inda ganet ke riƙe itabiyom ya hana shi fita.

Alamar nutsewar faranti ita ce ramin niyobiyom da tantalom. Farantin da ke nutsewa yana sakin ruwa da narkakkiyar laka zuwa mantil da ke samansa, su ɗauki toriyom da lantanom su tafi da su, su bar niyobiyom da tantalom a baya. Don haka a zanen za a ga layin ya hau a toriyom, ya faɗa a niyobiyom, ya sake hawa a lantanom.

Sai a zo kan zane-zanen da kowa ya sani. Pearce da Cann sun kawo na titaniyom, zirkoniyom da itiriyom a 1973. Wood ya kawo na toriyom, hafniyom da tantalom a 1980. Shervais ya kawo na titaniyom da banadiyom a 1982, inda Ti/V ƙasa da 20 ke nuna jerin tsibirai, 20 zuwa 50 tudun teku, sama da 50 kuma tsakiyar faranti. Meschede ya kawo na Zr, Nb da Y a 1986. A ganina wanda ya fi koyar da mai duba shi ne na Pearce na 2008, mai ɗora Th/Yb (toriyom bisa itabiyom) a kan Nb/Yb (niyobiyom bisa itabiyom), domin maimakon akwatuna masu suna yana nuna hanya ɗaya da duwatsun teku ke bi, kuma duk abin da ya ɗaga sama da hanyar ya sami ƙarin toriyom daga wani wuri. A yi amfani da zane uku ko huɗu masu sinadarai daban, a nuna su duka, har da wanda bai goyi bayan ra'ayin mai bincike ba.

Kama da wane ba ta wane

Ƙarin toriyom da ramin niyobiyom ba nutsewar faranti kaɗai ke kawo su ba. Ɓawon nahiya shi kansa yana ɗauke da wannan alama, kuma narkakken dutsen da ya ratso ta cikinsa yana narkar da wani abu daga bangon hanyarsa ya haɗiye. Ana iya ganin girman matsalar da lissafi mai sauƙi. Saman ɓawon nahiya, a ƙididdigar Rudnick da Gao ta 2003, yana da niyobiyom 12, lantanom 31, toriyom 10.5 da itabiyom kusan 2. A haɗa kashi 90 na N-MORB da kashi 10 na wannan ɓawo. Niyobiyom zai zama 3.3, lantanom 5.35, toriyom 1.16, itabiyom kusan 2.9. Nb/La ya sauko daga 0.93 zuwa 0.62, Th/Yb kuma ya tashi daga 0.04 zuwa kusan 0.4, ninki goma. Dutsen da bai taɓa kusantar wurin nutsewar faranti ba zai faɗa akwatin jerin tsibirai a kan zane, saboda kashi ɗaya cikin goma na giranait da ya haɗiye a hanya.

Ana raba su ta hanyoyi kaɗan. Idan gurɓatar hanya ce, ramin niyobiyom yana ƙara zurfi yayin da silika ke hawa magniziyom ke sauka, kuma samfuran da suka fi magniziyom ba su da shi sosai. Idan daga tushe ne, har waɗanda suka fi magniziyom suna ɗauke da shi. Isotof na niyodimiyom, wato nau'o'in wannan sinadari masu bambancin nauyi, yana taimakawa ƙwarai: tsohon ɓawon nahiya yana jan ma'auninsu, alƙalamin epsilon Nd, ƙasa, har ya koma ƙasa da sifili, yayin da dutsen da ya fito kai tsaye daga mantil da aka tatse yake sama da sifili. Samun tsoffin ƙwayoyin zakon da suka girmi dutsen shi ma shaida ne cewa akwai nahiya a ƙarƙashi.

Wannan ruɗani shi ne ya sa har yau ake muhawara kan yankunan Najeriya da aka ambata. Wasu masana suna ganin kwaruruka ne da suka buɗe a cikin nahiya, wasu suna ganin kwarin bayan jerin tsibirai ne, wanda duwatsunsa kan haɗa halin tudun teku da ɗan ramin niyobiyom, wasu kuma suna ganin ragowar ɓawon teku a wasu wurare. Haka abin yake a duwatsun Birimiyan na Gana, Burkina Faso da yankin Liptako na yammacin Nijar, masu shekara miliyan 2,100 zuwa 2,200: Abouchami da abokan aikinsa a 1990 sun karanta basalt ɗinsu a matsayin faffaɗan tudun ƙarƙashin teku, Sylvester da Attoh a 1992 suka karanta na Gana a matsayin jerin tsibirai.

Akwai ƙarin taka-tsantsan ga duwatsun da suka haura shekara miliyan 2,500. Dukan zane-zanen an gina su ne da duwatsun zamanin nan, alhali mantil na wancan lokaci ya fi zafi, yana narkewa fiye da na yau, har yana fitar da dutsen aman wuta da ake kira komatiyait, mai magniziya sama da kashi 18, wanda aka fara bayyanawa a 1969 daga bakin kogin Komati a Barberton ta Afirka ta Kudu. Masana ba su ma daidaita ba kan lokacin da motsin faranti irin na yau ya fara.

Shekarun dutsen

Dutse irin wannan yana da aƙalla ranaku biyu da ake ƙirga shekarunsa daga gare su: ranar da ya sandare da ranar da aka gasa shi. A Najeriya da gabashin yankin Hoggar na kudancin Aljeriya da Kamaru, karon nahiyoyi da ake kira Fan-Afirka, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ya sake ɗumama kusan komai. Hanyoyin K-Ar da Ar-Ar, masu dogara da rikiɗar fotasiyom zuwa argon, a kan honbilen suna ba da lokacin da dutsen ya huce bayan wannan gashi, domin honbilen ba ta fara riƙe iskar argon sai zafi ya sauko kusan digiri 500. Hanyar Rb-Sr ta dogara da rubidiyom da sitironshiyom, sinadarai biyu da aka riga aka ce suna yawo, don haka tsoffin alkaluman da aka samu da ita a duba su da hattara. Abin dogaro shi ne U-Pb, wato yuraniyom da dalma, a kan zakon ko ma'adinin badiliyait, bayan an ɗauki hoton cikin ƙwayar an bambanta tsakiyarta mai ratsi-ratsi, wadda ta girma a narkakken dutse, da bakinta mai santsi, wanda ya girma lokacin gashi. Idan zakon ya ƙi samuwa, a auna giranait da ya yanka dutsen don sanin mafi ƙarancin shekarunsa, ko ƙwayoyin zakon na dutsen yashin da ke kwance tare da shi.

Wajen rubuta sakamako, a buga cikakken jadawalin alkaluman tare da adireshin kowane samfuri, har da waɗanda aka cire da dalilin cire su. A rubuta irin turmin da aka niƙa da shi, hanyar narkarwa, da abin da dutsen ma'auni ya bayar. A fara da bayanin irin mantil da dutsen ya fito daga gare shi da zurfin narkewarsa, domin wannan ne alkaluman ke iya nunawa kai tsaye, sannan a kawo wuraren da za su iya haifar da irin wannan mantil, a auna kowanne da abin da aka zana a littafin fili. Inda wurare biyu suka dace da shaidar daidai wa daida, a ambaci duka biyun, a kuma faɗi gwajin da zai raba su, ko isotof na niyodimiyom ne ko shekarun zakon.